Abubuwan da suka riƙa tayar mini da ciwon zuciya

Ni malamin makaranta ne da ya yi ritaya, haifaffen cikin birnin Kano, kuma ina cikin mutanen da likitoci suka tabbatar wa cewa zuciyarsu ta raunana, ba ta iya tura jini gwargwadon buƙatar jiki. Na daɗe ina zama a layin ganin likitan zuciya, har na saba da fuskoki da yawa a kan benci ɗaya. Wasu har yau muna gaisawa, wasu kuwa sai dai a ce Allah Ya jiƙansu. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani abu da na lura da shi a kaina da kuma a kan waɗannan abokan zaman nawa. Mai wannan ciwo yana iya shafe watanni yana zuwa masallaci da ƙafarsa, yana harkokinsa, sannan cikin 'yan kwanaki a kwashe shi ranga-ranga zuwa asibiti numfashi yana neman gagararsa, 'yan uwa kuma su ce abin ya zo ne haka kawai. A iya abin da idona ya gani, da wuya ya zo haka kawai. Kusan kullum akwai abin da ya tunzura shi, kuma sau da yawa abin yana cikin tukunyar miya, ko a kemis ɗin bakin layi, ko a cikin aljihun da kuɗin magani ya ƙare.

Tushen nawa ciwon hawan jini ne. Shekara da shekaru zuciyata tana tura jini a kan matsin da ya fi ƙarfinta, naman jikinta ya yi kauri, daga baya ta buɗe ta saki. Ranar da aka yi mini hoton zuciya, likita ya juyo da allon na'urar ya nuna mini yadda take motsi, ya ce lafiyayyar zuciya tana fitar da kashi 50 zuwa 70 cikin 100 na jinin da ke babban ɗakinta na hagu a kowane bugu, tawa kuwa ta yi ƙasa da kashi 40 sosai. Ba ni kaɗai ba ne a wannan hanya. Wani babban bincike da aka wallafa a shekarar 2012, wanda ya bibiyi majinyata 1,006 da aka kwantar saboda gazawar zuciya a ƙasashe 9 na Afirka kudu da Sahara, har da Nijeriya, ya gano cewa hawan jini ne sanadi a wajen kusan kashi 45 cikin 100, kuma matsakaicin shekarunsu 52 ne, wato mutanen da har yanzu suke ciyar da iyali. Sauran sun haɗa da waɗanda ƙofofin cikin zuciyarsu suka lalace tun daga ciwon maƙogwaro na yarinta da ba a magance shi ba, da waɗanda naman zuciyar ya saki don kansa, da mata masu jego, da 'yan kaɗan da jijiyoyin da ke ciyar da zuciyar suka toshe.

Wannan shi ne tushe, kuma tushen yana nan tare da mutum ko yana jin daɗin jikinsa ko ba ya ji. Abin da ke kai mutum gadon asibiti wani abu ne dabam da yake hawa kan tushen. Wani tsohon likita ya kwatanta mini da ɗan garuwa da ya manyanta: a shimfiɗaɗɗiyar hanya yana tura kurarsa a hankali har ya kai ruwa gidan da aka aike shi, amma a ƙara masa jarka biyu, ko a bi da shi hawa, nan take kurar za ta tsaya, ko ta dawo kansa. Da aka ɗora ni a kan magunguna, kumburin ƙafata ya sabe, na koma barci da matashin kai ɗaya, na ci gaba da rayuwata a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya.

Tashin farko mai tsanani ya faro ne daga gwiwa. Ciwon gwiwa ya matsa mini har sujada tana yi mini wuya, sai aka karɓo mini haɗi daga wani kemis a unguwa, ƙwayoyi kala-kala a ƙulle cikin 'yar farar leda, babu kwali, babu suna, an ce a sha safe da yamma. Gwiwar ta yi sauƙi ƙwarai, kuma duk wannan lokaci ban fasa shan magungunan zuciyata ko sau ɗaya ba. Sai dai a hankali takalmina ya fara matse ni da yamma. Zoben azurfar da ke hannuna ya ƙi juyawa. Idan na danna ƙaurina da yatsa, ramin yakan zauna ya daɗe bai cike ba. Fitsarin da Lasix, maganin fitar da ruwa daga jiki, ya saba sa ni yi da hantsi ya ragu, ciki ya yi tauri, ɗan abinci kaɗan sai in ji na ƙoshi. Daga matashin kai ɗaya na koma biyu, na koma uku, har uwargidana ta ce, "Malam, wannan ai ba kwanciya kake yi ba, zama kake yi."

A wani dare, wajen ƙarfe biyu, na farka a firgice. Na tashi zaune, na rarrafa zuwa taga ina neman iska, amma iskar ba ta shiga. Ƙirjina yana ƙara, gumi mai sanyi yana zuba, tari ya turnuƙe ni, abin da nake tofarwa kumfa ne mai ɗan ja-ja. Ba na iya haɗa kalma uku a jere. Ko kalmar shahada a gutsure take fita. Wanda bai taɓa shiga wannan hali ba zai yi wuya ya gane irin tsoron da ke cikinsa, domin hankalin mutum yana nan garau, yana ganin iyalinsa suna kuka, yana jin duk abin da ake faɗa, numfashi ne kawai ya ƙi. Babban ɗana ya buga wa maƙwabcinmu ƙofa, aka sa ni a motarsa a zaune, domin kwanciya ba ta yiwuwa. A sashen gaggawa suka jingina ni, suka sa mini iskar oksijin, suka yi mini allurar Lasix ta jijiya. Kafin a kira sallar asuba fitsari ya ɓalle, kuma gwargwadon fitarsa gwargwadon yadda ƙirjina yake buɗewa.

Da gari ya waye, wata matashiyar likita ta ja kujera ta zauna kusa da gadona. Ta ce, "Baba, ku tuna mini da kyau. A cikin mako biyun nan, me kuka sha ko me kuka ci wanda ba ku saba ba?" Na ce mata ban tsallake maganina ba. Ta ce ta yarda, amma tana so a koma gida a kwaso mata duk wata ƙwaya da ke ɗakina, har da wadda ban ɗauke ta magani ba. Da aka zazzage ledar a kan tire, ta sa bakin biro ta ware guda biyu. Ɗaya diklofenak ce, ɗayar kuma firednisolon.

Bayanin da ta yi mini shi ne abin da nake so kowane mai wannan ciwo ya riƙe. Diklofenak da 'yan uwanta, irin su ibufurofen da firoksikam, suna kashe zafin ciwo ne ta hanyar hana jiki sarrafa wani sinadari, kuma wannan sinadarin shi ne yake buɗe wa ƙoda hanyoyin jini. Idan aka hana shi, ƙoda sai ta riƙe gishiri da ruwa, hawan jini ya ƙaru, maganin sa fitsari ya rage aiki, maganin hawan jini irin lisinofiril shi ma ƙarfinsa ya ragu, haɗuwarsu kuma tana iya raunata ƙodar kanta. Firednisolon ita ma tana tara ruwa a jiki. Ruwan da ya kamata ya fita sai ya taru a ƙafafu da ciki, da dare kuma idan mutum ya miƙe ya kwanta, ya komo cikin jini, zuciyar da ba ta da ƙarfin kwashe shi ta bar shi ya taru a baya, ya tsattsafo cikin huhu. Lafiyayyen saurayi zai sha wannan haɗi ya tafi aikinsa. Ni kuwa ya kusa kai ni kushewa. Ta ce daga ranar, in dai maganin ciwon jiki ne, in tsaya a kan farasitamol, abin da ya wuce haka sai da sanin likita. Ba na zargin mai kemis da mugun nufi. Abin da yake damuna shi ne an ba da ƙwayar ba tare da an tambayi wa zai sha ba, ko wane ciwo yake ɗauke da shi.

Bayan an sallame ni, aka shiga maganar gishiri, kuma a nan ne na ga cewa jinyar zuciya aikin gida ne gaba ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum, ko da lafiyayye ne, ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi guda, idan an haɗa duk abin da ya shiga bakinsa tun daga karin kumallo har tuwon dare. Uwargidana ta ce ai ita ba ta da hannun gishiri, kuma gaskiya ta faɗa. Amma da ma'aikaciyar abinci ta asibiti ta tambaye ta dunƙule nawa take jefawa a miya, sai lissafi ya canza, domin kusan rabin nauyin kowane dunƙule gishiri ne. Farin magi ma yana ɗauke da sinadarin sodiyam, wanda shi ne ainihin abin da ke jawo ruwa a cikin gishiri. Haka kanwa, wadda muke sawa a ɗanwake da miyar kuɓewa da dafa wake ba tare da mun taɓa lissafa ta cikin gishiri ba. Haka yajin tsire, da kilishi, da garin da ke cikin ledar taliyar yara, da kifin gwangwani, har da maganin ƙwannafi mai tafasa a cikin ruwa. An kuma gargaɗe mu game da gishirin da ake sayarwa a ce na masu hawan jini ne, domin yana ɗauke da fotasiyam, kuma ga mai shan magungunan zuciya irin su isfironolakton da lisinofiril kamar ni, yawan fotasiyam a jini yana iya rikita bugun zuciya.

Dabarar da ta yi ita ce ta riƙa ɗibar tawa miyar a ƙaramar tukunya kafin ta sa dunƙule a ta gida, ta ƙarfafa tawa da daddawa da tafarnuwa da citta da albasa mai yawa, wani lokaci da ɗan lemon tsami. Makonnin farko abincin ya yi mini lami, daga baya harshe ya saba, har yanzu idan na ɗanɗana miyar biki sai in ji gishiri ya yi mata yawa. Wahalar ba a gida take ba, a waje take. A wurin ɗaurin aure ko suna, idan aka ajiye wa dattijo kwano ya ƙi ci, ana iya ɗaukarsa da girman kai, kuma da babbar sallah kowane gida soyayyen nama yake aikowa, wanda aka cika wa gishiri don kada ya lalace. Ma'aikatan jinya sun sha gaya mana a layi cewa mu kula da kwanakin da ke biyo bayan sallah. Ni dai na koyi cewa, "Likita ya hana ni, a sa mini albarka," kuma ban taɓa ganin wanda ya ƙi karɓar wannan uzuri ba.

Maganar kanwa ta sa dole in kawo labarin 'yar ƙanina, wadda ta haihu lafiya, amma kafin a yi arba'in ƙafafunta suka kumbura, tari ya hana ta barci, aka riƙa cewa sanyin jego ne, a ƙara mata kunun kanwa. Da na je barka na ga yadda take zaune a jingine tana haki tsakanin kalma da kalma, na gane abin da nake kallo, na ce wa mahaifinta a tafi asibiti a ranar. Gazawar zuciya ce ta masu jego, wadda take zuwa a ƙarshen ciki ko cikin watannin da ke bayan haihuwa, kuma arewacin Nijeriya yana cikin wuraren da ta fi yawa a duniya. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka rubuta cewa tana samun kimanin mace 1 cikin 100 da suka haihu, suka danganta ta da kunun kanwa da zafin wankan jego. Binciken da aka yi daga baya ƙarƙashin jagorancin Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano bai samu cewa waɗannan al'adu su ne tushen ciwon ba. Ya fi nuni ga rama, da talauci, da hawan jinin masu ciki, da ƙarancin sinadarin seleniyam a jiki. Na kawo wannan ne don a yi wa iyayenmu mata adalci. Amma macen da zuciyarta ta riga ta raunana, kofin kunun kanwa a wajenta ƙarin gishiri ne, kuma shi ne zai iya tura ruwan zuwa huhu. An kuma gaya wa yarinyar da mijinta cewa sake ɗaukar ciki kafin zuciyar ta murmure babban haɗari ne, suka ji, alhamdulillahi.

Akwai wata al'ada tamu da nake jin tsoronta fiye da kanwa, ita ce son ƙarin ruwa. A Kano idan mutum ya ce jikinsa ya mutu, abin da ake fara cewa shi ne a sa masa ruwa ko leda biyu ne ya ji ƙarfi, kuma akwai masu zuwa har gida su rataya ledar a ƙusa. Wani abokina da muke layi ɗaya da shi, ɗan kasuwa mai fara'a, ya yi zazzaɓi ya galabaita, iyalinsa suka kira wani ya ɗaura masa ruwa a ɗaki. Kasalar da yake ji ta zuciya ce, jikinsa a cike yake da ruwa tun farko, kuma ledar da aka fi sawa ta ruwan gishiri ce, mai giram 9 a kowace lita, tana shiga jijiya kai tsaye. Kafin leda ta biyu ta ƙare numfashinsa ya sarƙe. An kai shi asibiti, amma kwana ya ƙare. Iyalinsa ƙauna ce ta sa suka yi abin da suka yi, kuma ajali ba ya wuce lokacinsa. Duk da haka na gaya wa 'ya'yana, kowa da kowa, cewa ko a sume nake kada wanda ya sa mini ruwa sai likitan da ya san zuciyata ya auna ya ce a sa.

Tashi na biyu ya same ni ne da hunturu, lokacin da ƙura take rufe gari, mura tana zagaya gida daga jikoki zuwa manya. Tawa ta sauka ƙirji ta zama ciwon huhu. Zazzaɓi yana sa zuciya gudu, jiki yana neman ƙarin jini, huhun da ya kamu kuma ba ya ba da isasshiyar iska, sai aiki ya yi wa zuciyar yawa ta kasa. Zazzaɓin cizon sauro yana yin irin wannan, musamman idan ya ƙone jini, domin ƙarancin jini shi kansa yana tilasta wa zuciya ƙara bugu. Waɗanda suka zauna a Kano cikin watan Afrilun 2020 ba za su manta da yadda aka yi ta binne dattawa ba. Da gwamnatin tarayya ta bincika, ministan lafiya na lokacin ya sanar da mace-mace 979, ya ce kashi 50 zuwa 60 cikin 100 na iya kasancewa korona ce ta haddasa su ko ta tunzura su a kan cututtukan da mutanen suke ɗauke da su tun farko. Mu masu ciwon zuciya mun fahimci wannan magana da jikinmu. Tun daga lokacin, idan tari ya zo mini da zazzaɓi, ba na jira in ga ko zai wuce.

A wannan kwanciyar ce aka gano cewa bugun zuciyata ya rikice, ɗakunan sama suna karkarwa maimakon su matsa, bugun yana sauri ba tsari. Wannan rikicewa tana iya tayar da ciwon ita kaɗai, ko da mutum ya kiyaye komai, kuma tana iya sa jini ya daskare a cikin zuciya ya haura ƙwaƙwalwa ya jawo shanyewar ɓarin jiki, shi ya sa aka ƙara mini maganin tsinka jini. An auna mini ƙoda da tayirod, wato ƙullin da ke wuya wanda kumburinsa ake kira maƙoƙo, domin lalacewar ƙoda da yawan aikin tayirod suna cikin masu tunzura ciwon, haka toshewar jijiyar zuciya farat ɗaya, da gudan jini da ke toshe hanyar huhu, da hawan jinin da ya yi tsalle. Na faɗi wannan ne saboda kada a riƙa ɗora wa majinyaci laifi duk lokacin da ya kwanta. Wani abin yana hannunsa, wani ba ya hannun kowa, kuma faɗa da mai neman numfashi ba ya ƙara masa komai.

Abin da na fi ji a bakin mutane a layi, musamman tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira da ta biyo baya, shi ne maganar kuɗin magani. Mai wannan ciwo yakan sha ƙwaya huɗu ko biyar kullum har ƙarshen rayuwarsa, farashinsu kuma ya hau sosai a lokacin. Na ga dattijo yana raba ƙwaya biyu don ta kai shi ƙarshen wata, na ga mai shan yau ya tsallake gobe, na ga wadda ta zaɓi mai araha ta bar mai tsada ba tare da ta san wanne ne ya fi riƙe ta ba. Wasu kuma jin sauƙi ne yake yaudararsu, ko wani ɗan uwa ya zo da jarkar tsimi ya ce a ajiye na asibiti. Sauƙin da ake ji maganin ne ya kawo shi, kuma idan aka ajiye, ruwa yakan dawo cikin kwanaki. Irin su kabedilol da bisofurolol ma, masu rage gudun zuciya, yanke su farat ɗaya yana sa bugun ya yi tsalle fiye da da. Shawarata ga wanda kuɗi ya gaza masa ita ce ya cire kunya ya gaya wa likita ƙarara. Na ga an canza wa mutane zuwa irin maganin da wani kamfani ya yi mai sauƙin kuɗi, na ga an nuna wa wasu hanyar shiga tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha. 'Ya'yana sun raba nauyin nawa a tsakaninsu, Allah Ya yi musu albarka, amma na san ba kowa ne yake da wannan gata ba, kuma kwana biyu a gadon asibiti yana cinye kuɗin maganin watanni.

Akwai kuma dalilin da ba a cika faɗa wa likita ba, sai dai mu a tsakaninmu. Lasix yana sa yawan fitsari na 'yan sa'o'i bayan an sha, don haka mai son ya riƙe alwala a masallacin Juma'a, ko mai tafiya Kaduna a motar haya, ko macen da za ta wuni a gidan biki, sai su bar shi a ranar, gobe ma wani uzurin ya taso. Da na kawo maganar, likita ya ce ba sai an bari ba, ana iya matsar da lokacin shan zuwa bayan an dawo, muddin ba a kai shi dare ba. Azumi ma haka ne. Wasu da ciwonsu ya lafa ana ba su dama tare da sake tsara lokutan magani tsakanin buɗa-baki da sahur, wanda bai daɗe da tashi daga kwanciya ba kuwa ana hana shi, kuma Alƙur'ani ya riga ya yi wa majinyaci rangwame a cikin Suratul Baƙara. Haɗarin da na gani a watan shi ne a sha ruwa da kunu da lemo masu yawa a zama ɗaya, a bi da soye-soye masu gishiri, sannan a bar maganin fitsari don tsoron ƙishirwa.

Abin da ya fi taimakona a cikin duk kayan jinyata shi ne sikelin da ake takawa. Ruwa yana taruwa a jiki kafin ido ya gan shi, kuma lita guda nauyinta kilo guda ne. Kowace safiya, bayan na kama ruwa, kafin in karya, nakan hau sikelin da irin tufafin da na saba, in rubuta a littafi tare da awon jinina. Ƙa'idar da aka ba ni ita ce idan nauyi ya ƙaru da fiye da kilo 2 cikin kwana 3, ko na ga ina neman ƙarin matashin kai, ko hakin da nake yi tsakanin gida da masallaci ya ƙaru, in nemi likita a ranar. Sau da dama an gyara mini adadin magani a wannan mataki na koma gida ba tare da an ba ni gado ba. Idan kuwa numfashi ya sarƙe ina zaune, ko ciwon ƙirji ya zo, ko kumfa, ko jiri mai kai wa ga suma, wannan ba a jiran gari ya waye, kuma kowa a gidana ya san inda katina da jerin magungunana suke, da wanda za a tasa ya kawo mota.

Roƙona na musamman yana ga masu kemis da masu zuwa gida yin allura, domin su ne mutanenmu suke fara zuwa wurinsu kafin asibiti, kuma da yawansu mutanen kirki ne da suke taimakon unguwa. Kafin a ƙulla wa dattijo haɗin ciwon jiki, ko a rataya wa mai jego ledar ruwa, a tambaya ko yana da ciwon zuciya ko na ƙoda, a tambaya ko yana shan maganin sa fitsari, a dubi ƙafarsa a danna. Idan yaro aka aiko, a tambaye shi wa zai sha, a kuma rubuta sunan kowace ƙwaya a jikin ledar, yadda idan an kai mutum asibiti cikin dare likita zai san abin da ya shiga jikinsa.